Darasi: Sabunta Famfo a Tsohon Gida

Darasin wannan wata ya shafi gidajen da aka ja wa ruwan famfo tun da daɗewa, yanzu kuwa bututun ya tsufa. Waɗanda har yanzu guga da igiya su ke ja, kada su ce babu ruwansu. Gidan fasto, gidajen malaman makaranta, ɗakin shan magani da sito na ƙungiya duk namu ne, da yawa a cikinsu kuwa suna cikin wannan hali. Ban da haka, wanda ya ke shirin jan ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa gidansa zai sami abin da zai kiyaye tun ran gini.

An gina da yawa daga cikin gidajen nan a shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka kuma buɗe makarantu ko'ina saboda shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Waɗansu ƙauyuka sun sami ruwa daga baya, bayan da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986 domin hanyoyi da ruwan sha na karkara. Bututun da aka fi sa wa gidaje a zamanin nan na ƙarfe ne wanda aka shafe da tutiya domin kada ya yi tsatsa. Irin wannan bututu ya kan yi shekara 40 zuwa 50. Kowa ya yi lissafi da kansa. Bututun da aka binne a 1976 ya gama aikinsa.

Yadda bututun ƙarfe ya ke mutuwa

Daga ciki ya ke mutuwa, shi ya sa ya ke ruɗin mutane. Ruwa ya kan cinye tutiyar a hankali, sa'an nan tsatsa ta kama ƙarfen, ta yi ta taruwa har ramin da babban yatsa ya ke shiga dā ya koma kamar na tsinke. A waje kuwa sai ka ga bututu lafiya lau. Wurin da ya kan fara hujewa shi ne wajen haƙoran da a ke murɗawa a mahaɗi, gama a nan ne aka yanke tutiya, ƙarfen kuma ya fi siranta.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Ruwan farko da safe ja ne kamar na kududdufi. Fararen tufafi suna fitowa daga wanki da tabo. Famfon da ya ke cika bokiti nan da nan dā, yanzu sai mace ta aje bokiti ta tafi ta yi shara ta dawo. Gindin bango yana da laima ko cikin bazara. Wani wuri a tsakar gida ciyawa tana kore shar cikin watan Maris, alhali ko'ina ya bushe.

Idan an ga haka, abin da mu kan yi shi ne mu yanko robar tayar keke mu ɗaure wurin. Robar nan ta taimaki gidaje da yawa, ba mu raina ta ba. Amma tana hana ruwa fita ne kawai sa'ad da akwai ruwa a bututu. Ba ta hana ƙazanta shiga sa'ad da babu. A nan ne babban haɗarin ya ke, shi ne kuma dalilin wannan darasi.

Bututu mai huji yana shan abin da ya ke kewaye da shi

Kowa ya taɓa ganin yadda a ke zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. Da zarar fetur ya fara gangarowa, shi da kansa ya ke jawo na bayansa. Haka bututun ruwa ya ke yi. A wuraren da mu ke zaune, ruwa ba ya zuwa kullum. Wani lokaci wuta ce babu, wani lokaci injin ne ya tsaya, wani lokaci tanki ne ya ƙare. Idan ruwa ya ɗauke, wanda ya rage cikin bututu ya kan gangara zuwa gidajen da su ke ƙasa, yana gangarawa yana zuƙa a bayansa. Duk inda akwai huji, abin da ya ke wurin zai shiga. In bututun ya bi ta cikin kwata, ruwan kwata ne zai shiga. In ya bi ta gefen masai ko sokawe, to kun san abin da zai shiga. Ran da ruwa ya dawo, sai ya kwaso wannan duka ya kawo randar gida.

Ruwan zai iya fitowa garau, babu wari, amma yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, watau NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da a ke zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 kuwa suka mutu. Jihohin Bauci, Kano, Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Hanyar cutar nan ɗaya ce: bayan gida ya sami hanyar shiga abin da mutum ya ci ko ya sha. Tsohon bututu a ƙarƙashin ƙasa yana ɗaya daga cikin hanyoyin, kuma ba wanda ya ke ganinsa.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyoyi su kiyaye wannan. Idan kuɗi ya samu, zuciya ta kan so a fara da abin da baƙo zai gani: sabon kan famfo mai walƙiya, tayil a makewayi, farar tasar wanke hannu. Mu dai a ganinmu wannan gyara ne daga wutsiya. A fara da bututun da ya ke binne, daga inda ruwa ya ke shigowa har zuwa bangon gida. Tayil ya iya jira shekara biyu.

Kafin a taɓa kome

A zaga gidan tare da matan da su ke zaune ciki. Su ne su ke ɗiban ruwa, su ne suka san famfon da ya ke jinkiri, da wanda ya ke kawo jan ruwa, da inda ƙasa ba ta bushewa. A nemi dattijon da ya ga lokacin da aka haƙa ramin farko, ya nuna inda bututu ya bi. A zana gidan a takarda, a sa rijiya, tanki, masai, sokawe, kwata da turken dabbobi, kowanne a wurinsa. Wannan takarda a aje ta wurin magatakardan ƙungiya, gama waɗanda za su zo bayanmu za su bukace ta.

Sa'an nan a gwada ko akwai yoyo a ɓoye. A cika tanki da yamma, a rufe kowane famfo, a sa alama inda ruwa ya tsaya, a gaya wa mutanen gida kada kowa ya buɗe har gari ya waye. In da safe ruwa ya sauka, to yana tafiya wani wuri. Kada a raina ɗigo. Famfon da ya ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 30 a yini da kwana. A wata guda jarka 45 ke nan masu lita 20. Wanda ya taɓa sayen ruwa wurin 'yan garuwa cikin rani ya san abin da wannan ya ke nufi. Sau da yawa maganinsa 'yar roba ce ta cikin kan famfo, wadda yaro ma zai iya canjawa in an nuna masa.

Sabon layi

Ba lalle ne a tone tsohon bututu ba. A yanke shi, a toshe, a bar shi inda ya ke, a haƙa sabon rami ta hanyar da ta yi nesa da masai da kwata, ko da za ta fi tsawo. Kada bututun ruwan sha da na ƙazanta su kwana rami ɗaya. In tilas ne su gitta juna, na ruwan sha ya bi ta sama, kuma kada mahaɗi ya faɗo daidai wurin. Masai da sokawe su yi nisan mita 30 daga rijiya, watau ƙafa 100, su kuma kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

Zurfin ramin ya kai ƙafa biyu. Dalili kuwa, bututun yanzu na roba ne, yana da maƙiya uku: rana, wuta da fartanya. Rana ta kan gasa farin bututu har ya riƙa fashewa kamar ƙwai. Wutar ƙona kara ta kan narka shi. Inda zai bi ƙarƙashin hanyar amalanke ko mota, a ƙara zurfi, a zura shi cikin wani bututu mafi girma. A shimfiɗa yashi a ƙasan ramin, a tsince duwatsu, a sake zuba yashi a kansa kafin a mai da ƙasa.

Bututun roba iri uku ne a kasuwa. Akwai baƙi mai kauri wanda a ke sayarwa a naɗe. Shi muka fi so domin binnewa, gama a kan ja shi mita da yawa babu mahaɗi, kowane mahaɗi kuwa wurin yoyo ne na gobe. Akwai PVC, wanda a ke haɗawa da gam. Yana da sauƙin aiki, amma ba ya ɗaukar ruwan zafi. A yanka shi daidai, a goge bakin, a shafa gam ciki da waje, a tura a ɗan murɗa, a riƙe kaɗan, sa'an nan a bar shi ya kwana ya yini kafin a sake masa ruwa. Akwai kuma PPR, wanda a ke narka bakinsa da na'ura mai zafi a haɗe. Yana da ƙarko, yana ɗaukar ruwan zafi, sai dai na'urar tana bukatar wutar lantarki ko janareta.

A yi hankali wajen saye. Bututun da a ke zura wayar lantarki ciki da wanda a ke yi wa ruwan wanka sun yi kama da na ruwan sha, sun kuma fi araha, amma ba su da kauri, ba a yi su domin ƙarfin ruwa ba. A karanta rubutun da ya ke jikin bututu, a nemi tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya, a duba kaurin bakinsa. Araha ba ta ado.

Game da girma, daga tanki a fito da mai inci 1, rassa su zama inci uku bisa huɗu, wanda zai hau zuwa kan famfo kuma rabin inci. Ramin bututu mai inci 1 ya ninka na rabin inci sau huɗu, ba sau biyu ba. Kowane reshe a sa masa makullinsa, domin in famfon kicin ya lalace kada a hana dukan gida ruwa.

Ga wani kashedi da masu gyaran famfo da yawa ba su kan tuna ba. A tsofaffin gidaje masu lantarki, a kan ɗaura wayar tsaro, wadda ta ke kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace, a jikin bututun ruwa na ƙarfe. In aka cire ƙarfe aka sa roba, an yanke wannan hanya ke nan, gama roba ba ta ɗaukar wuta. Fitila za ta ci gaba da kamawa, ba wanda zai san kome, sai ran da firji ko dutsen guga ya lalace wuta ta bi ta jikin mutum. A duba ko akwai waya ɗaure a jikin tsohon bututu. In akwai, a kira mai gyaran wuta ya kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa ya mai da wayar can kafin a yanka kome.

Tanki da bango

Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Tanki mai lita 1,000 in ya cika ya yi nauyin buhun masara 10 masu kilo 100. Mai lita 2,000 kuwa buhu 20. Wanda ba zai yarda ya jibga buhu 20 a kan tsohon dandamalin ƙarfe mai tsatsa ba, kada ya ɗora wa dandamalin tanki, balle a ce yara suna wasa a ƙarƙashi. Gindin tankin roba kuma ya zauna duka a kan abu mai faɗi. In aka ɗora shi a kan ƙarafa biyu ko uku, zai lotsa ya tsage.

Ƙarfin ruwa a famfo daga tsayin tanki ya ke zuwa. Girman tanki ba ya ƙara masa kome. Gindin tanki ya ɗara famfon da ya fi kowanne tsayi a gidan da mita 2 ko fiye. Bututun da ya ke kawo ruwa ya zuba daga sama, kada bakinsa ya nutse. Haka kuma kada a bar tiyo a nutse cikin duro ko komin shanu, gama in ruwa ya ɗauke zai zuƙo abin da ya ke ciki ya mai da shi layi. Murfi ya rufu sosai, bakin bututun ambaliya a ɗaure shi da raga saboda sauro da ƙadangare.

In gidan ginin ƙasa ne, kada a fasa bango a binne bututu ciki. Ƙaramin yoyo da ba a gani ba zai jiƙa tubali, gara ta samu wurin zama, damina ta zo ta ƙarasa. A bi da bututu ta jikin bango a fili, a kama shi da maɗauri, a shafa masa fenti saboda rana. Ba shi da kyan gani kamar na birni, mun sani, amma in ya yi yoyo za a gani ran nan.

Kan famfo da dalma

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Wannan daga niƙan dutsen zinariya ne a cikin gidaje, ba daga famfo ba. Amma dalmar dai ita ce, tana kuma shiga ruwa daga tsohon bututun ƙarfe da kayan famfo na tagulla. A 2021 an wallafa wani bincike da aka yi a kan famfunan ƙauyuka 261 a Gana da Mali da Nijar. Kashi 9 cikin ɗari na ruwan da aka gwada yana da dalma fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kayan tagulla kuwa su aka fi samu da ita. Dalma ba ta da ɗanɗano, ba ta da launi, tafasa ruwa kuma ba ya fitar da ita. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimi, tana kuma cutar mai ciki.

Saboda haka in za a sayi kan famfon ruwan sha, a nemi na roba mai kauri ko na farin ƙarfe marar tsatsa. Inda tsohon bututu ko kan tagulla ya ke har yanzu, ruwan da ya kwana ciki a tare shi a bokiti domin wanki ko yayyafa tsakar gida. Sai ya gudana sosai kafin a ɗiba na sha, musamman na damun kunun jariri.

Ruwan da aka gama aiki da shi

Gidan da ya sami famfo ya kan zubar da ruwa fiye da dā, tsohuwar rariya kuwa ba ta iya ɗauka. Bututun masai ya zama inci 4, na wanka da wanke-wanke inci 2. Ya riƙa gangarawa da inci 1 a kowace ƙafa 4, kada ya lanƙwashe a tsakiya. Inda ya yi kwana a gina ɗan akwatin siminti mai murfi domin a iya zura sanda in ya toshe. Lanƙwasar nan da a ke gani ƙarƙashin tasar wanke hannu tana da aiki. Ruwan da ya ke kwanciya cikinta shi ya ke hana wari da kyankyaso hawowa, kada a yarda a miƙe ta. In an tarar da tsohon bututu mai kama da siminti, watau asbesto, kada a yanka shi da zarto ko a farfasa shi a bushe, gama ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi, a cire shi ɗungum.

Ruwan wanka kada ya kwanta a bayan gida. Sauro ya kan tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda zuwa kwana 10. A haƙa rami, a cika da duwatsu, a kai ruwan can, a dasa ayaba ko gwanda kewaye.

Wanke layi kafin a sha

Sabon bututu ya sha ƙasa da hannuwa da gam. Kafin a rufe rami, a sake ruwa, a bi kowane mahaɗi da busasshen hannu. Kada a biya mai gyara sauran kuɗinsa sai an yi wannan a gaban mutum biyu na ƙungiya. Bayan haka a wanke tanki, a cika shi, a zuba ruwan bilic na wanki marar ƙanshi, irin wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikinsa, lita ɗaya da rabi ga kowace lita 1,000. A buɗe kowane famfo har a ji warin maganin, sa'an nan a rufe, a bar shi awa 24. Wannan ruwa ba na sha ba ne, ko ga mutum ko ga dabba, a ɗaure kan famfo da tsumma domin yara su sani. Kashegari a zubar da shi a fili, nesa da lambu da tafkin kifi da sokawe, a sake cika tanki a zubar har warin ya tafi.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Haƙan rami aikin gayya ne, ba sai an biya kowa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da an gama girbi, sa'ad da akwai ɗan kuɗi a hannu ƙasa kuma ba ta bushe ƙamas ba. In gidaje biyar ko shida suka haɗa kuɗi, za a sayi baƙin bututu naɗi guda a raba, a ɗauko mai gyara sau ɗaya, a biya mota sau ɗaya. A haɗa shi da saurayi ko budurwa ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya su yi aikin tare daga fari har ƙarshe. A sayi sifana biyu na bututu, zarto, farin tef na haƙora da robobin kan famfo, a sa cikin akwati, a rubuta sunan duk wanda ya ara.

Kafin taro mai zuwa, kowace ƙungiya ta zaɓi gida ɗaya, ta yi gwajin tanki na dare, ta auna da ƙafa nisan da ya ke tsakanin bututun ruwan sha da masai, ta kawo takardar zanen domin a duba tare.